Kujerun Bakin Titi da Giyar da Doka Ba Ta Kira Giya: Abin da Ake Taƙaddama a Kai a Ingila

A ranar 31 ga Maris, 2025, wani sassaucin doka da masu mashaya a Ingila da Wales suka saba da shi tun zamanin korona, wanda ya ba su damar sayar da giyar da za a sha a wajen harabarsu, ya zo ƙarshe. Wata uku bayan nan, a farkon Yuli, gwamnati ta fitar da shirinta na kiwon lafiya na shekara goma, a ciki ta ce za ta duba yiwuwar hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 giyar da aka cire wa maye. Labaran biyu sun rikita jama'a. Na farkon ya sa wasu suka ɗauka an hana zama a ƙofar mashaya, alhali ba a hana ba. Na biyun kuwa tambaya ya jawo: ashe dama can ba a hana ba?

Ruɗanin yana da tushe guda. An gina dokar shaye-shaye ta ƙasar a kan abu biyu da ake ganin ba sa bukatar bayani: cewa a cikin gini ake shan giya, kuma duk abin da aka kira giya yana bugarwa. Cikin 'yan shekarun nan duka biyun sun kauce. Mashaya ta fito titi, kwalba kuma ta zo da sunan giya da kamanninta ba tare da maye ba.

Teburi ɗaya, izini biyu

Mai mashayar da ke son ya ajiye tebura a waje yana bukatar izini iri biyu, kowanne da dokarsa.

Na farko shi ne lasisin gefen titi. Wannan izini ne na ajiye kujeru, tebura, lema da makamantansu a kan hanyar da aka ware wa masu tafiya a ƙasa. Ƙaramar hukuma ce ke bayarwa, kuma sharaɗi ne kayan su zama waɗanda za a iya kwashewa idan an tashi. Ba ruwansa da abin da ake sha a kan teburin. Mai sayar da shayi da burodi ma shi yake nema.

Na biyu shi ne lasisin sayar da barasa, wanda Dokar Lasisi ta 2003 ta tanada. A nan doka ta raba ciniki gida biyu: sayarwa don a sha a cikin harabar da aka zana a taswirar lasisi, da sayarwa don a fita da ita. Gefen titi galibi ba ya cikin wannan taswira. Don haka idan ma'aikaciya ta ɗauko kofi daga kanta ta yi taku biyar ta ajiye a teburin da ke bakin ƙofa, a idon doka an sayar da giyar fita da ita ne, daidai da wanda ya saya ya tafi gida. Wannan shi ne abin da sassaucin korona ya warware na ɗan lokaci: ya ba mafi yawan masu lasisin sha a ciki damar sayar da ta fita ba tare da sun nemi sabon izini ba. An yi ta tsawaita shi har zuwa Maris na 2025, sannan aka bar shi ya faɗi. Yanzu wanda lasisinsa na asali bai haɗa da cinikin fita ba sai ya nemi a gyara masa. Idan hukuma ta yarda ƙaramin gyara ne, kuɗinsa fam 89.

Kujerun dai suna nan. Abin da ya sauya shi ne takardar da ke halatta kofin da ke kansu.

Yadda kujeru suka fito titi

Kafin 2020 ma ana iya samun izinin ajiye tebura a waje, a ƙarƙashin Dokar Manyan Hanyoyi ta 1980, sai dai hanyar tana da tsawo. Ana sauraron ƙorafin jama'a na kwana 28, wani lokaci sai an haɗa da izinin hukumar tsara gari, kuma kowace ƙaramar hukuma ita ke yanka kuɗinta.

Annobar korona ce ta karya wannan tsari. An rufe mashaya da gidajen abinci a ranar 20 ga Maris, 2020, ba a sake buɗe su ba sai 4 ga Yuli, shi ma da sharaɗin ba da tazara, wanda ya rage yawan mutanen da ɗaki zai ɗauka. A wannan watan Majalisa ta zartar da Dokar Kasuwanci da Tsare-tsare ta 2020, wadda ta ƙirƙiro lasisin gaggawa: kuɗi kada ya wuce fam 100, mako guda na sauraron jama'a, mako guda na yanke hukunci. Idan hukuma ta yi shiru har wa'adi ya cika, an ɗauka ta amince. A ranar 12 ga Afrilu, 2021, da aka sake buɗe mashaya bayan kulle na uku, a waje kaɗai aka yarda a zauna, sai teburin bakin titi ya zama shi ne ke riƙe da kasuwar baki ɗaya.

Abin da aka kawo na wucin gadi ya zauna daram. Dokar farfaɗo da yankuna ta 2023 ta mai da shi na dindindin daga 31 ga Maris, 2024, tare da gyare-gyare: sabon lasisi har fam 500, sabuntawa har fam 350, wa'adi har shekara biyu, kwana 14 na sauraro da wasu 14 na hukunci. An kuma ba ƙananan hukumomi ikon kwashe kayan da aka baza ba da izini ba, su caji mai su kuɗin ɗawainiya.

Gefen titi na waye?

Nan ne muhawarar ta fi nauyi, domin filin da ake rabawa ba na mai mashaya ba ne, na kowa ne.

Masu sana'ar suna da hujjarsu. Haya, wuta, albashi da haraji duk sun hau, mashaya suna ta rufewa shekara da shekaru, kuma tebura goma a waje a watannin zafi na iya zama abin da zai ɗauki ma'aikata har ƙarshen hunturu. Suna kuma cewa titin da mutane ke zaune a kai ya fi wanda ya zama kufai aminci da dare.

A ɗaya gefen akwai wanda bai shiga ciniki ba, hanya kawai yake son wucewa. Makaho mai sanda yana bin jikin bango ne, da shi yake gane inda yake. Ya san bayan shagon magani akwai ƙofa biyu sannan kwana. Ranar da aka jera kujeru a jikin bangon, sandarsa za ta daki ƙafar kujera, ya kauce, ya daki allon talla, ya sake kaucewa, kafin ya ankara ya kai bakin kwalta inda motoci ke wucewa. Gobe kuma kujerun sun matsa, domin wani ya ja tasa ya bi rana. Mai keken guragu da uwa mai tura keken jariri suna fuskantar irin wannan, da ƙari: idan suka sauka kan kwalta, ba ko'ina ne ake da gangaren da za su sake hawa ba. Ƙungiyoyin makafi irin su RNIB da Guide Dogs sun yi ta nuna wannan tun 2020.

Doka ta amsa da sharaɗin cewa kada a toshe hanya. Ƙa'idar gwamnati ta ce a bar faɗin mita 2 a yanayin da aka saba, inda hakan bai yiwu ba kuwa mita ɗaya da rabi ne mafi ƙarancin abin da za a karɓa. A takarda wannan ya wadatar. Matsalar ita ce ana auna mitan ne a kan zane lokacin neman izini, tebura a jere, kujeru a ture ciki, babu kowa a kai. Ƙarfe takwas na daren Juma'a, ga jakunkuna a ƙasa, ga masu tsayuwa da kofi a hannu, mita biyun kan koma abin da mutum ɗaya zai kurɗa. Ƙananan hukumomi da yawa ba su da isassun jami'an da za su zagaya a wannan lokacin, don haka ƙarfin sharaɗin ya ta'allaƙa ne ga bibiya, ba ga rubutu ba.

Sai maƙwabta. Unguwar Soho a tsakiyar Landan ita ce misalin da aka fi kawowa. Hukumar Westminster ta rufe wasu tituna ga motoci a lokacin zafi na 2020 da 2021 aka cika su da tebura. 'Yan kasuwa sun ce abin ya cece su. Mazauna saman shagunan sun koka da hayaniya har dare, da shara, da wahalar shiga gidajensu. An kawo ƙarshen shirin a ƙarshen Satumba 2021, amma tsugune ba ta ƙare ba: Magajin Garin Landan, Sadiq Khan, yana goyon bayan faɗaɗa cin abinci a waje, ƙungiyoyin mazauna unguwar kuwa suna ganin kamata ya yi hukunci ya zauna a hannun ƙaramar hukumar da ta san titin.

Batun taba ma ya shigo. Tun 1 ga Yuli, 2007 aka hana shan sigari a cikin mashaya, sai waje ya zama wurin mashaya taba. Da waje ya zama wurin kowa, lasisin gefen titi ya zo da sharaɗin a ware kujerun da ba a shan taba, da shawarar tazarar mita 2 tsakani. Wasu hukumomi, ciki har da Manchester da Newcastle, sun hana taba a kujerun gefen titi gaba ɗaya. A Agusta 2024 Firaminista Keir Starmer ya tabbatar ana duba hana ta a farfajiyar mashaya a faɗin ƙasa. Masu sana'a suka yi caa, a Nuwamba gwamnati ta janye wannan ɓangaren.

Giyar da ba giya ba a idon doka

Ana auna ƙarfin giya da yawan sinadarin maye da ke cikinta, kashi nawa cikin 100. Giyar da aka saba sha a mashaya tana tsakanin kashi 4 zuwa 5. Dokar Lasisi ta 2003 ta ce duk abin shan da bai wuce kashi 0.5 ba, ba barasa ba ne. Daga wannan jimla guda komai ya biyo baya: ba a bukatar lasisin barasa kafin a sayar da shi, kuma haramcin sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 bai shafe shi ba.

Sai dai abin da ake rubutawa a jikin kwalba wata ƙa'ida ce daban, kuma ba ta dole ba ce, shawara ce ta Ma'aikatar Lafiya tun 2018. A cewarta, ana kiran abu marar barasa idan bai wuce kashi 0.05 ba; har zuwa 0.5 sunansa wanda aka cire wa barasa; har zuwa 1.2 kuwa mai ƙarancin barasa. Haraji kuma nasa layin daban: ba a biyan harajin barasa sai an haura 1.2. Layi uku ke nan, na hukumomi uku, a kan kwalba ɗaya.

Lissafi zai taimaka. Babban kofin da suke auna giya da shi yana cin mililita 568. A kashi 0.5, sinadarin mayen da ke ciki bai kai mililita 3 ba. A kashi 4, ya kusa mililita 23. Sai mutum ya sha kofi takwas na farkon kafin ya haɗa abin da ke cikin kofi ɗaya na biyun, kuma kafin ya gama jikinsa ya riga ya sarrafa na farko. Irin wannan ɗigon ana samunsa a ayabar da ta nuna sosai, da wasu nau'in burodi, da ruwan 'ya'yan itace.

To me ya sa ake jayayya a kan 0.05 da 0.5? Dalilin yana wajen sarrafawa. Hanya biyu ake bi: ko dai a dafa giya cikakkiya sannan a zare mayen da na'ura, ta hanyar turara shi a ƙaramin zafi ko tace shi, ko kuma tun farko a hana tsimin yin nisa. Manyan kamfanoni masu Heineken 0.0, wadda ta fito a 2017, da Guinness 0.0, suna da kuɗin na'urar da za ta kai su kusan sifili. Ƙananan masu dafawa sun fi iya tsayawa a 0.5. A Jamus da ƙasashe da dama 0.5 ɗin ne ma'auni, don haka kwalbar da aka shigo da ita daga can tana iya ɗauke da rubutun marar barasa, ta gida mai ƙarfi ɗaya da ita kuwa ƙa'ida ta ce kada ta rubuta haka. Gwamnati ta nemi ra'ayin jama'a kan ɗaga ma'aunin zuwa 0.5 a Satumba 2023, shirin lafiya na 2025 ya sake dawo da maganar.

Masu goyon baya suna cewa hakan zai ƙara yawan kayan a kasuwa, ya sa masu sha su rage. Masu adawa suna tambayar mace mai ciki, wadda shawarar manyan likitocin ƙasar tun 2016 ita ce kada ta sha ko kaɗan, da wanda ya yi fama da jarabar giya ya daina, da wanda addininsa ya hana: idan aka rubuta musu babu, suna da haƙƙin ya zama babu. Mafitar da ɓangarorin biyu suka fi kusa da yarda a kai ita ce a tilasta rubuta adadin ɓaro-ɓaro a gaban kwalba, kowa ya yanke wa kansa.

Yara da talla

Yaro ɗan shekara 15 zai iya sayen gwangwanin giya mai 0.0 a doka. A aikace, yawancin manyan kantuna ba za su sayar masa ba. Da an ɗora gwangwanin a na'urar biyan kuɗi sai ta tsaya, fitila ta kunna, ma'aikaci ya zo ya nemi katin shaida, kamar dai giyar gaske. Wannan tsarin kantin ne, ba umarnin doka ba; suna yi ne don kada ma'aikaci ya ruɗe tsakanin gwangwanaye biyu masu kama da juna, kuma ƙungiyar Portman, wadda masana'antar ta kafa don sa wa kanta ido, ta ɗauki waɗannan kayan a matsayin na manya. Ƙaramin shago a lungu kuwa ba abin da ya ɗaure shi.

Masu son a sa doka ba maye suke tsoro ba, sabo suke tsoro. Yaron da ya saba da ɗanɗanon, da kwalbar, da sunan kamfanin, tsallakawa zuwa ta gaske ba za ta yi masa nisa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna irin wannan damuwa a wata takarda da ta fitar a 2023. Masu shakka kuwa suna cewa ba a tabbatar da cewa ɗaya na kai wa ga ɗaya ba, kuma suna nuna wani abin mamaki a dokar da ake da ita: ɗan shekara 16 ko 17 yana iya shan giyar gaske a kan abinci idan yana tare da babba wanda ya saya masa. Idan aka hana shi marar maye ba tare da an duba wannan ba, za a iya wayar gari doka ta fi sauƙi a kan wadda ta fi cutarwa.

Talla ta fi wannan sarƙaƙiya. A Ailan, dokar lafiyar jama'a ta 2018 ta hana tallar barasa a cikin filin wasa yayin wasa daga Nuwamba 2021. Bayan nan sai aka riƙa ganin sunan Guinness a filin wasan rugbi da 0.0 a gefensa. Kamfani yana cewa wani kaya daban yake tallatawa, wanda ke taimaka wa mutane su rage sha. Masu fafutukar lafiya suna cewa ido sunan da launin yake gani, ba 'yan lambobin ba. A Birtaniya hukumar sa ido kan talla ta fara aiki da ƙa'idoji na musamman kan wannan rukuni a Mayu 2024. Akwai kuma tambayar wa ke amfana: binciken Jami'ar Sheffield ya nuna masu hali sun fi sayen waɗannan kayan, alhali cutar barasa ta fi yi wa unguwannin talakawa ɓarna.

Inda batutuwan biyu suka haɗu

A koma teburin bakin titi. Mutum biyu suna zaune, kofunansu launi ɗaya, kumfa ɗaya. Na ɗaya kashi 4 ne, yana bukatar lasisin gefen titi da izinin cinikin fita. Na ɗayan kashi 0.5 ne, lasisin kujera kaɗai ya ishe shi, ko da mai shagon shayi ne ya kawo masa. Jami'in da ya zo dubawa ba zai iya bambancewa da ido ba. Dokar hana ɗabi'un da ke damun jama'a ta 2014 ma ta hango wannan: a unguwannin da aka taƙaita sha a fili, jami'i na iya umartar mutum ya daina shan duk abin da yake da dalilin zaton barasa ce. Mai riƙe da 0.0 a tsaye a kan titi, wajen iyakar tebura, zai iya samun kansa yana nuna rubutun gwangwani.

Ga mai ƙaramar mashaya, sakamakon shi ne ƙarin kuɗi da takardu, amma da damar samun lasisi har na shekara biyu maimakon jiran sabuntawa kowace shekara. Ga maƙwabci da mai nakasa, abin da ya fi muhimmanci shi ne kwana 14 ɗin nan: doka ta wajabta a liƙa sanarwa a jikin shagon, kuma wanda bai kai ƙorafinsa cikin wa'adi ba, sai ya jira an karya sharaɗi kafin ya nemi a soke ko a gyara lasisin. Makaho kuwa ba zai ga takardar da aka liƙa a taga ba, shi ya sa ƙungiyoyinsu ke neman a riƙa sanar da su kai tsaye.

Ga Musulmin da ke zaune a Ingila, ɗalibai da ma'aikata har da Hausawa, akwai abin lura. Wannan kayan ba irin maltar da aka sani a gida ba ce, kamar Maltina ko Malta Guinness, waɗanda ake sayarwa a matsayin lemo. Mafi yawanta giya ce da aka dafa ta tsima sannan aka zare mata maye, ko aka tsayar da tsiminta a hanya. Malamai sun yi saɓani a kanta: wasu suna duba cewa komai yawan da aka sha ba ta bugarwa, wasu suna duba asalinta da kamanceceniya da mashaya giya. Dokar Ingila ba ta da ta cewa a wannan, layinta na lasisi ne kawai. Idan aka ɗaga ma'aunin zuwa 0.5, rubutun marar barasa a gaban kwalba ba zai ƙara nufin kusan sifili ba, sai mai saye ya juya ta ya nemi lambar da kansa.